Kundin Hujjojin TASO: Abin da na gani a cikinsa da abin da na rasa

Na shafe makonni ina amfani da kundin hujjojin da cibiyar TASO ta Birtaniya ta ɗora a shafinta na intanet, kuma na ga ya dace in faɗi ra'ayina a kansa saboda malamai da masu tsara harkar ilimi waɗanda batun shigar 'ya'yan marasa ƙarfi jami'a yake damunsu kamar yadda yake damuna. An kafa cibiyar a shekarar 2019 da kuɗin hukumar OfS mai sa ido a kan jami'o'in Ingila, ta fara aiki a ƙarƙashin haɗin gwiwar da ya ƙunshi Kwalejin King's ta Landan da Jami'ar Nottingham Trent, daga baya ta tsaya da ƙafarta. Aikinta shi ne ta tattara binciken da aka yi, ta tace shi, ta faɗa wa jami'o'i wane shiri ne yake kai ɗalibin da ba shi da gata ƙofar jami'a ya kuma tsayar da shi har ya kammala. Kundin kyauta ne, kowa yana iya buɗe shi.

Dalilin samar da shi ya cancanci a sani. Tun da aka ɗaga kuɗin karatu a Ingila zuwa fam 3,000 a shekarar 2006, duk jami'ar da take son karɓar kuɗi mafi tsoka dole ne ta gabatar da tsarin yadda za ta jawo ɗalibai daga gidaje da unguwannin da ba kasafai ake zuwa jami'a daga cikinsu ba. An zuba kuɗi masu yawa a ziyarar makarantu da zangon hutun bazara (wato kai 'yan sakandare jami'a su yi kwanaki a lokacin hutu) da tallafin karatu, amma idan aka tambayi wanne ne ya yi tasiri, amsar da aka fi samu ita ce ɗalibai sun ce sun ji daɗin shirin. Wannan giɓin aka kafa TASO ta cike.

Tsarin kundin yana da sauƙi. Kowane nau'in shiri yana da shafinsa, inda ake nuna tsadarsa, da tasirinsa a kan buri da tunanin ɗalibi, da tasirinsa a kan abin da ɗalibin ya aikata a zahiri, sannan da ƙarfin hujjar da aka dogara da ita. Raba buri da aiki shi ne abin da ya fi burge ni. Yaro yana iya cika takardar tambayoyi ya ce yana son zuwa jami'a, amma faɗa daban, cikawa daban, kuma kundin ba ya yarda a sayar masa da na farko a matsayin na biyu. Yana kuma bambance hujjar da ta tsaya a bayani, da wadda ta nuna cewa abubuwa biyu suna tafiya tare, da wadda ta tabbatar da cewa wannan ne ya haddasa wancan.

Misalin zangon hutun bazara ya isa ya nuna amfanin wannan tsantseni. Shiri ne da jami'o'i suke alfahari da shi, tun daga wanda gidauniyar Sutton Trust ta fara a Oxford a 1997: a ɗauko matasa daga makarantun gwamnati su yi kwanaki a jami'a, su zauna a aji, su ga yadda rayuwar take. An daɗe ana nuna cewa waɗanda suka halarta sun fi sauran shiga jami'a. Sai TASO ta haɗa kai da wasu jami'o'i aka yi gwaji ta hanyar ƙuri'a, wato a cikin masu neman gurbi aka zaɓi wasu suka halarta, aka bar wasu don a kwatanta. Abin da ya fito fili tun daga rahoton farko shi ne mafi yawan masu neman gurbin sun riga sun ƙudurta zuwa jami'a kafin su sa ƙafa a zangon. Ashe ana kai ruwa ne inda rijiya take. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar rufe shirin ba, domin yaron da ya riga ya yi niyya yana iya samun ƙarfin gwiwar neman jami'ar da da yake ganin ta fi ƙarfinsa, amma ya tilasta wa duk mai gaskiya ya tambayi kansa ina yaran da ba su ma ji labarin zangon ba. Cibiyar da take aiki da jami'o'i kullum kuma ta fito ta faɗi abin da ba zai yi musu daɗi ba, ta cancanci a yarda da ita, kuma wannan ne ya sa na ci gaba da karanta sauran shafukan da natsuwa.

Inda na sami kundin da rauni shi ne an tsara shi bisa nau'in shiri, ba bisa fannin karatu ba, alhali ƙofar kimiyya da ƙofar fasaha irin ta kiɗa da zane ba kuba ɗaya ke buɗe su ba. A fannin kimiyya, binciken ASPIRES da Farfesa Louise Archer ta jagoranta tun 2009, da farko a Kwalejin King's sannan a jami'ar UCL ta Landan, ya bi yara tun suna shekara 10, ya gano cewa mafi yawansu suna jin daɗin darasin kimiyya amma kaɗan ne suke ganin kansu a matsayin masana kimiyya nan gaba. Abin da yake bambanta su shi ne abin da masu binciken suka kira jarin kimiyya: ko akwai wani a gida ko cikin dangi mai aikin kimiyya, ko ana hirarta a gida, ko yaron ya san cewa takardar kimiyya tana kai mutum ayyuka da dama ban da likitanci. A Ingila, shekaru da yawa 'yan mata ba su kai rubu'in masu rubuta jarrabawar fiziks ta matakin ƙarshen sakandare ba. Zaɓen darussan kimiyya ko barin su yanke shawara ne da ake yi tun ana shekara 14 ko 16, kafin wani wakilin jami'a ya iso makarantar.

A fannin fasaha kuma katangar wata iri ce. Mai son shiga makarantar koyon kiɗa dole ne ya yi gwaji a gaban alƙalai, kuma abin da ake aunawa a can sakamakon shekaru ne na darasi da kayan kiɗa waɗanda yawanci iyaye ne suke biya. Mai son zane ko tsara gini ana neman tarin ayyukansa na baya, wanda sai da malami da kayan aiki da wurin zama ake haɗa shi. Ma'aunin EBacc da gwamnatin Ingila ta kawo a 2010 don auna makarantun sakandare bai sa darussan fasaha a lissafi ba, kuma yawan masu ɗaukar waɗannan darussa ya ragu a shekarun da suka biyo baya. Malamin da ya buɗe kundin yana neman abin da zai yi wa ɗalibarsa mai baiwar zane zai sami bayani a kan jagoranci da tallafin kuɗi gaba ɗaya, amma sai ya yi wa kansa aikin daidaita shi da halin da take ciki. Ina ganin laifin ba na masu kundin ba ne kaɗai, domin ba za su tace binciken da ba a yi ba.

Abu na biyu, kaso mai yawa na ƙaƙƙarfan bincike daga Amurka ya fito, inda tsarin kuɗin karatu da na neman gurbi suka sha bamban da na Ingila. Kundin yana faɗin hakan a fili, kuma na yaba masa. Gargaɗin ya fi shafar mai karatu daga Najeriya, wanda tsarinsa ya fi nisa: a jami'o'in tarayya ana ware kashi 20 cikin 100 na gurabe ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma manufar ƙasa ta ce a ɗauki kashi 60 a kimiyya, 40 a fannonin adabi da zamantakewa. Ba za a kwafo sakamakon Ingila a ɗora a kan wannan ba, sai dai a ɗauki hanyar tambayar, wato a bi ɗaliban da aka ba gurbin a ga nawa suka kammala, kuma da wane sakamako.

Harshen kundin Turanci ne kawai, kuma ko da yake taƙaitawar da ke saman kowane shafi tana da sauƙin fahimta, bayanan da ke ƙasa suna buƙatar wanda ya saba da kalmomin masu bincike. Ga iyaye masu neman shawara a kan ɗansu guda, ba wurin zuwa ba ne. Ga shugaban makaranta, ko jami'in ɗaukar ɗalibai, ko gidauniyar da take shirin kashe kuɗi a kan yaran talakawa, ina ba da shawarar a buɗe shi kafin a rubuta kasafi, a fara da shafin zangon hutun bazara, sannan a karanta shafukan tallafin kuɗi na kafin shiga jami'a da na bayan shiga, a kwatanta su.