Famfon goyo na kashe wutar daji: abin da lita 20 ke iyawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas, kyasuwa da gamba da karan gero duk sun bushe ƙayau. Mai farautar gafiya ɗaya da ya cinna wa daji wuta ya isa ya jawo asarar harawar unguwa guda. Shi ya sa manoman yankin Wurno, Kware da Goronyo ya kamata su san wannan famfo.

Tanki ne na lita 20 da ake goyawa, da tiyo, da famfon tagulla da ake ja da turawa da hannu biyu. Ba irin na feshin maganin ciyawa mai lita 16 ba ne. Wancan raɓa yake fitarwa, iska ta kwashe. Wannan kuwa yana harba ruwa tsaye kimanin mita 10, sannan in an juya bakinsa ya koma yayyafi. A cike ya haura kilo 20, don haka a duba maɗaurin kafaɗa kafin a biya kuɗi. Siriri marar soso yana yanka kafaɗa.

Amfaninsa yana ga yadda aka riƙe shi. A bi wuta ta gefe ko ta baya, daga wurin da ya riga ya ƙone, kada a tare ta gaba. A auna gindin harshen, ba samansa ba, da ɗan harbi gajere gajere. Mai famfo ya kwantar da wutar, mutum biyu na biye da ɗanyen reshen dogonyaro ko jiƙaƙƙen buhu suna bugewa, na ƙarshe da shebur yana rufe garwashi da ƙasa. Kashin shanu da kututture su ne maƙaryata: a waje toka, a ciki wuta, da yamma iska ta sake hura su. Cokali ɗaya na garin sabulu a tanki yana sa ruwa ya ratsa busasshiyar ciyawa maimakon ya gangare.

Inda yake ba da haushi shi ne yashi. Ruwan fadama ko na gulbin Rima in aka ɗura ba ta rariyar bakin tanki ba, yashi ya ci robar cikin famfo, ƙarfin harbi ya mutu, ruwa ya riƙa zubowa a hannu. A sayi robobi biyu na ajiya, a shafa giris, kada a bar tankin roba a rana. Wanda aka taɓa zuba wa maganin ƙwari kuma kada a kai shi gaban wuta.

Harshen wuta in ya kai ƙirjin mutum, wato ya wuce mita ɗaya da ɗan kai, famfo ya tashi daga aiki. Nan sai tarakta mai haro ko gireda ta share fili tsirara, faɗin mita 4 zuwa 6, tun kafin wuta ta iso. Jirgin saman kashe gobara na CL-415 da ake aiki da shi a Kanada da Faransa yana ɗibar ruwa kusan lita 6,000 cikin daƙiƙa 12, wato famfo 300 a tashi ɗaya, amma ko can mutanen ƙasa ne ke ƙarasa kashewa.

Ga ƙungiyar manoma, famfo uku da duro biyu na lita 200 a kan amalanke sun cancanci kuɗinsu. Guda ɗaya ba tare da ruwan ƙari a kusa ba, cikin 'yan mintoci ya zama kaya a baya.