Wasiƙa daga gindin dutsen ƙanƙara

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan su Umma da yara suna lafiya.

Ka tambaye ni ko duwatsun Suwizalan sun fi namu na Jos. Tsawo kam sun fi, babu gardama. Ranar Asabar na je Jungfraujoch daga Interlaken, kuma ba da ƙafa na hau ba. Jirgin ƙasa ne yake ratsa cikin dutse ya sauke ka a tasha mai tsayin mita 3,454, tun 1912 yake wannan jigila. Shere da muke haki a kanta muna 'yan makaranta mita 1,829 ce. Sai dai tikitin zuwa da dawowa ya haura faran 200, kuɗin ƙasar. Ban lissafa shi da naira ba, kada hawan jini ya kama ni a can sama.

Ni allunan hanya ne suka fi tsaya mini a rai. Kowace mararraba akwai ɗan allo ruwan ɗorawa, an rubuta sunan ƙauyen da ke gaba da awa nawa za ka taka kafin ka isa. Tsohuwa da sandarta, ita kaɗai, za ta shiga tsauni da safe ta fito la'asar. Ka tuna ranar da muka ɓace a bayan Shere har magariba, sai wani yaro mai kiwo ya fid da mu? A ƙauyukan nan ga famfo a dandali, ruwan sanyi kyauta, ga banɗaki tsaf. Da ruwan Assop da dutsen Riyom za su samu irin wannan gata, wallahi da baƙi sun yi layi.

A batun abinci kuwa mun fi su. Kuɗin ɗan kwalin sitiroberi a nan, a kasuwar Farin Gada sai ka cika buhu da kabeji da karas, mai kayan ma ya yi maka gyara. Shayin saman dutse ruwan zafi ne da ganye, babu burodi, babu hira.

In Kawu zai taho, kada ka ba shi kilishi, nama daga wajenmu a filin jirgi ake ƙwace shi. Yaji da kuka sun isa.

Ƙaninka.