Filin ajiye kwantena a gefen Kano: abin da na gani cikin damina guda

Tun da aka buɗe tashar kan tudu ta Dala (wato tashar shigo da kaya da fitar da su ƙasashen waje wadda ba ta bakin teku) a Zawachiki cikin watan Janairun 2023, bayan ta Kaduna da aka buɗe a 2018, masu fitar da riɗi da zoɓo suka ƙara buƙatar wurin da kwantena za ta zauna kafin tirela ta ɗauke ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Onne. Ina cikin masu wannan sana'a, kuma na yi damina guda ina ajiye kwantenonina a wani fili mai zaman kansa da ke gefen birni, don haka na ga ya dace in bayyana wa abokan sana'a yadda na sami aikinsu.

Injin ɗaga kwantena da suke aiki da shi ƙirar kamfanin Kalmar ne, irin mai dogon hannu da ke kama kwantena ta sama. A layin kwantenonin da ke kusa da shi yana ɗaga tan 45, yana kuma jera kwantena biyar ɗaya bisa ɗaya, amma idan ya miƙa hannu zuwa layi na biyu ƙarfinsa yakan ragu zuwa wajen tan 30. Tun da cikakken nauyin da aka yarje wa yawancin kwantenoni kilo 30,480 ne, injin bai taɓa gazawa da kayana ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne direban injin, dattijo mai haƙuri wanda ba ya sakin kwantena sai ya tabbatar kusurwa ta hau kusurwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kwantena ba ta ɗaukar nauyi da rufinta, wanda ƙarfe ne marar kauri. Duk ƙarfinta yana cikin ginshiƙai huɗu na kusurwoyi da dunƙulen ƙarfen nan takwas masu huda da ke sama da ƙasa. A jikin ƙofa akwai ɗan farantin ƙarfe da ke nuna nauyin da za a iya ɗora mata, kuma a da yawa daga cikinsu za a ga an rubuta kilo 192,000, amma wannan lissafi yana aiki ne kawai idan ginshiƙi ya zauna daidai kan ginshiƙi. Idan aka kauce ko da taƙi ɗaya, nauyin sai ya koma kan gefen rufi, ƙarfen ya lanƙwashe, ruwa ya sami hanyar shiga. Na kuma lura ba su taɓa ɗora kwantena mai tsawon ƙafa 20 a kan mai tsawon ƙafa 40 ba, saboda doguwar ba ta da ginshiƙi a tsakiya, alhali kuwa sukan ɗora doguwa a kan gajeru biyu, wanda shi ne daidai.

Kwantenonin da babu kaya a ciki sun ware musu gefe guda, kuma suna haɗa su da makullin juyi, wato ƙarfen da ake cusawa cikin hudar kusurwa a murɗa ya riƙe ta sama da ta ƙasa. Doguwar kwantena fanko ba ta kai tan huɗu ba, kuma duk wanda ya san iskar farkon damina a Kano ya san abin da za ta iya yi wa bango mai faɗi irin wannan.

Inda suka gaza shi ne ƙasar filin. Kashi ɗaya kawai aka zuba wa kankare, sauran kuwa marmara ce aka daddage, alhali injin da ya ɗauki cikakkiyar kwantena yana sauke kusan tan 100 a kan tayoyinsa na gaba. Da ruwan Agusta ya zauna, sai hanyoyin cikin filin suka zama ramuka, kusurwa ɗaya ta wata kwantenata ta nutse, jikinta ya ɗan murɗe har ƙofar ta ƙi buɗuwa, sai da aka ɗaga ta aka sa katako a ƙarƙashi. Riɗin bai jiƙe ba, alhamdu lillahi, amma na yi asarar yini guda, tirelar da na ɗauko haya tana tsaye.

Akwai kuma batun tsari. Ba sa tambayar mai kaya ranar da zai ɗauka kafin su jera, shi ya sa kwantenar da za ta fita gobe takan kasance a ƙasan huɗu da ba za su motsa ba sai bayan wata guda, kuma kowace sai an sauke ta an mayar. Injin ma guda ɗaya ne, ranar da tiyon mansa ya fashe aiki ya tsaya cik har aka kawo wani.

Bana ma zan koma wurinsu, saboda direban nan da kuma tsaron da suke da shi da dare. Sai dai na riga na shaida wa manajan cewa kwantenonina masu kaya a kan kankare za a ajiye su, kada a wuce hawa uku, kuma a rubuta ranar fitar kowace ɗaya a littafinsu tun ranar da ta shigo.