Mone ya taru maka a gida: asusu za ka saya, kes, sikeli ko robobi?

Kowa a Damagaram kukan mone yake, wato kwandalolin canji, mai kabu-kabu ya sauke ka ka miƙa mashi jika ya ce ba ya da canji, a farmasi a cika maka da alawa, mai hura ta ce je ka dawo, amma kuma shiga kowane gida ka ɗaga bakin katifa ko ka buɗe kwanon da ke bisa kabet, su dala 5 da dala 10 ne zube babu wanda ya san yawansu (dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1000). Kuɗin suna nan, kwance kawai suke. Shi ya sa kafin ka fidda ko dala ka sayi abin ajiye su, ka fara tambayar kanka, so kake su taru har salla, ko so kake ka san nawa ne kuma su riƙa fita suna rage maka cefane? Ni dai na biyun nake goyon baya, kuma da wannan idon zan duba kayan.

Asusun ƙasa shi ne mafi arha, wajen masu tukwane a Kasuwar Dole za ka samu, kuma ga yaro da ake koya ma tanadi ba ya da na biyu. Amma ga mai gida ko uwargida da ke son kashewa, wallahi bai yi ba. Ba ka ganin abin da ke ciki, komai a cakuɗe yake, ranar da mai ruwa ya zo kana neman dala 10 sai dai ka tsaya kana zungura da tsinke, in kuma ka fasa shi ke nan sai ka sayi wani. Gwangwanin madara ko na tumatir da aka huda ma baki kusan duk ɗaya ne, bambancin kyauta ne, sai dai in damina ta shigo ɗaki ya yi sanyi yana tsatsa ya ɓata kuɗin, kuma kwandala in ta yi baƙi ka san yadda mai tebur ke juya ta yana hararar ka.

Kes ɗin katako wanda kafinta ke bugawa ya fi su mutunci. In za ka ba da a yi maka kar ka karɓi mai ƙusa ta ko'ina, ka ce a sa marfi da kwaɗo, sannan a raba cikin gida-gida ko da huɗu ne. Nan ne kuɗin aikin zai ɗan hau, amma abu ne na shekaru, kuma gidan da ke da yara masu saurin hannu kwaɗon nan yana kawo zaman lafiya. Wanda ke da ɗan tebur a ƙofar gida ko mai sayar da ƙanƙara, shi zan ce ya yi wannan.

To amma abin da na fi yarda da shi ga gida, robobi ne masu haske masu marfi, irin na mayonez ko ƙananan da ake sayarwa wajen 'yan roba, guda huɗu sun isa. Ɗaya na jajayen nan, dala, dala 2 da dala 5. Ɗaya na dala 10, ɗaya na dala 20, na ƙarshe na masu launi biyu wato dala 40, dala 50 da dala 100. Ka liƙa skoc ka rubuta da bik. Duk wanda ya dawo daga aike ya zuba kowace a gidanta, rabin wahalar ƙirga ta ƙare tun daga nan, don abin da ke gajiyar da mutum ba lissafin ba ne, tsince-tsincen ne.

Ranar ƙirga ka shimfiɗa tabarma ko ka samu faranti mai faɗi. Ka ƙirga goma na dala 20 da kyau ka jera su tsaye, wannan jika guda ke nan. Sauran ba sai ka ƙirga ba, ɗebo ka tsayar kusa da na farkon, ka ɗora yatsa bisa kawunansu biyu, in sun yi daidai ka wuce, in ɗaya ya ɗara za ka ji shi a yatsa tun kafin ido ya gani. Goma-goma za ka riƙa yi, kar ka yi doguwar hasumiya, saboda tsofaffin da suka suɗe sun fi sirantaka kuma in jerin ya yi tsawo sai su ruɗe ka. Dala 10 jeri 2 ne jika, dala 5 jeri 4, dala 2 jeri 10, ita kuwa dala sai guda 200 kafin ta cika jika, shi ya sa ita ba a tara ta, a bar ta ta bi gishiri da ashana. Dala 40 guda 5, dala 50 guda 4, dala 100 guda 2. Kowace jika ka naɗe ta a takardar tsohon kaye, ka murɗe bakin, ka rubuta a jiki. Leda ma tana yi amma tana fashewa a aljihu.

Wajen tsincewa ka sa ido ga baƙin kuɗi. Sefar Chadi da Kamaru tana shigowa ta hanyar Diffa, launi da girma kamar tamu, tsofaffinsu suna da kawunan dabbobi uku masu ƙaho a jiki, kuma a nan ba a karɓar su. Ware su gefe ka ba mai tafiya can.

Sai sikeli na batir, ƙaramin nan irin na masu zinariya ko na kicin. Yana aiki, ba na musu, musamman wanda ke da maɓallin ƙirga guda-guda, ka ɗora goma ka nuna mashi, sannan ka juye sauran ya faɗa maka yawansu. Amma akwai inda yake yaudara, tsofaffin kwandaloli da sabbin bugu nauyinsu ba ɗaya ba ne don an canza ƙarfen, ga kuma waɗanda suka suɗe, to in roba ta cika sai ka ga ya ɓace da guda biyu ko uku. In za ka saya ka tafi shagon da mone a aljihu ka gwada a gaban mai kaya, ka duba yana nuna ƙasa da giram 1, don tsohuwar dala giram 3 ce kacal, sikelin da ke tsalle biyar-biyar ba zai gan ta ba. Mai injin niƙa, mai famfo, ko masu ƙirga kuɗin akwatin masallaci bayan Juma'a, su zai biya su. Gidan da abin da ke taruwa bai wuce jika 3 ko 4 a wata ba, kuɗin batir kawai zai ci.

Injin ƙirga da ake tallarsa a intanet, da kwalbar nan mai marfi mai nuna lamba, don Allah ka riƙe kuɗinka. Yawancinsu an auna su ne da kwandalar Turai ko ta Amurka, da faɗi suke gane kuɗi, mu kuwa dala 5 ta fi dala 20 faɗi, dala 10 da dala 50 kusan girmansu ɗaya. Ga kuɗin kawowa, ga wuta da ba kullum ba.

Yanzu ina za su tafi? Nan ne daɗin abin, don mai mone a garin nan sarki ne. Kai ma mai butik ɗin unguwa da safe lokacin da yake buɗewa, ka ce mashi Alhaji ga canjin jika 2 a naɗe, zai karɓa da hannu biyu ya ba ka takarda, gobe in ka zo da jika 10 sayen sabulu ba zai ce maka babu ba. Haka mai shayi, haka gidan mai. Masu aika kuɗi irin su Nita da Amana ko mai Airtel Money, ka fara tambaya kafin ka juye masu, kuma kar ka je lokacin da layi ya yi tsawo. Abin da ya fi sauƙi ma shi ne uwargida ta ware ma robobin aiki, jajaye na niƙa da magi da sadakar almajirai, dala 10 na ruwa da kuɗin masa na yara in za su lakwal, dala 20 na kabu-kabu da kiredin waya, masu launi biyu a haɗa a zuba adashi. Kuɗin Laraba na makarantar allo ma daga nan zai fita ba sai an fasa takarda ba.

Dala 50 ce ke ba mutane haushi, tun 1992 take yawo amma wasu ƙi suke, alhali BCEAO, wato babban bankin da ke buga sefarmu, ta sha sanarwa cewa kuɗi ce mai aiki, haka ma waɗanda suka suɗe. Dala 40 da dala 100 na ƙarfe a 2003 suka fito, takardar dala 100 ta dawo a 2012, duk ana karɓa. In ka tara suɗaɗɗu da 'yan dala 50 da suka ƙi fita, kar ka tsaya gardama da mai tumatir a rana, ka fara gwada su a gidan mai ko babban shago, abin da ya rage kuma BCEAO tana da reshe a nan Zinder inda ake canza lalatattun kuɗi, ka haɗa da tsofaffin takardun da suka yage ka tafi da katin ɗan ƙasa a ranar aiki da safe.