Digiri Mai Haɗa Fannoni: Yola, Berekuso, Amurka Ko Ingila?

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akwai yaran da suke shiga tsaka mai wuya saboda basirarsu ta ƙi tsayawa wuri guda. Yarinya ce ta iya lissafi, tana son tarihi, in an sa muhawara tsakanin makarantu ita ake turawa. Fom ɗin kuwa kwas ɗaya yake so ta rubuta tana 'yar shekara 17, kuma da zarar ta shiga wannan sashe da wuya ta sake leƙa wani. Don irin waɗannan yara da iyayensu na zauna na auna hanyoyin samun digirin da ke haɗa fannoni daban-daban, irin wanda ɗalibi zai karanci tattalin arziki da kwamfuta da falsafa a tafiya ɗaya.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamin zaure na da yakan haɗa fiƙihu da nahawu da hisabi da falaki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa yana riƙe da mulki yana rubutu kan ɗibbu. Tsarin boko ne ya zo ya yanka ilimi gunduwa-gunduwa. Sai dai shi malamin zaure yana da fannin da ya tsaya a kai har aka san shi da shi, sauran kuma suna yi wa wannan fanni hidima. Da wannan mudu nake auna kowace makaranta a nan. Wanda ya tsakuri komai bai ƙoshi da komai ba zai fito da kwali, amma ranar neman aiki in aka tambaye shi me ya iya sai baki ya mutu.

Mu fara da gida. Jami'o'in gwamnati irin su ABU Zariya da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri su ne mafi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma suna zurfafa ɗalibi a fanni ɗaya. Ɗan haɗin da ake samu yana zuwa ta kwasa-kwasan GST da kowa ke yi dole: Turanci, falsafa da mantiƙi, al'ummun Najeriya da al'adunsu, koyon dogaro da kai. Manhajar da hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, wanda hakan ya ɗan buɗe ƙofa. Matsalar ita ce yawan jama'a. Ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya, malami ba zai iya karanta rubutun kowa ya gyara masa tunani ba, kwas ɗin sai ya koma abin da za a ci a wuce. Duk da haka, yaron da zuciyarsa ta tsaya kan likitanci ko lauya ko injiniya, nan ne wurinsa. Waɗannan sana'o'i suna da hukumomin da sai an bi ta hannunsu, MDCN ga likita, COREN ga injiniya, Makarantar Horon Lauyoyi ga lauya, kuma kowace tana da darussan da ta shimfiɗa. Kada a ɗauke shi daga wannan turba da sunan faɗaɗa ilimi.

Sai makarantun da suka ɗauko salon Amurka suka dasa a nahiyarmu ta Afirka. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ta fara karɓar ɗalibai a 2005. Ɗalibi yana da fanninsa, amma sai ya bi ta darussan rubutu da lissafi da kimiyya da zamantakewa, sannan ya fita cikin gari ya yi wa al'umma hidima. Ga iyayen da ba sa son 'yarsu ta yi nisa wannan babban abu ne: abincinta, addininta, harshenta duk suna nan, kuma digirin na gida ne, babu zirga-zirgar tantancewa kafin bautar ƙasa. Kuɗinta dai ya fi ƙarfin yawancin gidaje, sai an tambayi tallafin da take bayarwa tun kafin a sa rai.

Wadda ta fi burge ni a wannan rukuni ita ce Ashesi ta Ghana. Patrick Awuah ya karanta a kwalejin Swarthmore ta Amurka, ya yi aiki a Microsoft, ya dawo gida ya buɗe ta a Akara a 2002 da ɗalibai 30, daga baya a 2011 ta koma mazauninta na kan tudu a Berekuso. Fannoninta ba su da yawa: kasuwanci, kwamfuta, injiniyanci da makamantansu. Wannan ƙarancin shi ne ƙarfinta, domin kowa yana fita da sana'a a hannu. A kewayen sana'ar ne aka gina sauran: nazarin Afirka, rubutu, ƙididdiga, da jerin darussan shugabanci da ɗa'a da ake bi mataki-mataki. Tun 2008 ɗalibanta suka ɗauki alkawarin rubuta jarrabawa ba mai gadi a kansu, wanda ya ga an yi satar amsa shi zai kai rahoto. Duk wanda ya san yadda ake jarrabawa a yankinmu ya san wannan ba ƙaramin horo ba ne, kuma irin tarbiyyar da mai ɗaukar aiki ke nema ke nan. Gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin wasu ɗalibai daga ƙasashen Afirka a can, har da kwana da abinci. Yaron Kano ko Maraɗi da ya je ba zai yi kewar Hausa ba, unguwannin zango na Akara irin su Nima suna nan. Mutanen Nijar kuma su san dole sai Turancinsu ya nuna, don da shi ake koyarwa.

Amurka ita ce uwar wannan tsari, kuma ko a can ba iri ɗaya ba ne. A yawancin kwalejojinta ɗalibi ba ya bayyana fanninsa sai wajen ƙarshen shekara ta biyu cikin huɗu. Jami'ar Brown tun 1969 ta sakar wa ɗalibi mara ya zaɓi darussansa, haka kwalejin Amherst take yi. Jami'ar Columbia ta bi wata hanyar: tun 1919 take da darussan tushe da kowa zai zauna ya yi, a ƙananan azuzuwa, ana karanta manyan littattafai ana tattaunawa. Kwalejin St. John's da ke Annapolis ta kai abin ƙarshe, tun 1937 kowa manhaja ɗaya yake bi daga farko har ƙarshe. A ganina sakin mara irin na Brown sai yaron da ya riga ya san kansa. Wanda bai saba zaɓa wa kansa komai ba, kwatsam aka ba shi ɗaruruwan darussa aka ce ɗauki, yana iya kwasar masu sauƙi ya gama ba ginshiƙi. Irin wannan yaro tsarin Columbia ya fi dacewa da shi.

Maganar kuɗi kuwa ba wasa. Manyan kwalejoji masu zaman kansu suna haura dala 80,000 a shekara in an haɗa da kwana da abinci. Kaɗan ne cikinsu, irin su Amherst da Harvard da Yale da Princeton, ke ɗaukar ɗan ƙasar waje ba tare da duba aljihun mahaifinsa ba, sannan su cike abin da ya gaza biya, gasar shiga kuma mai zafi ce ƙwarai. Ga wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba sai an yi nisa: a Amurka likitanci da lauya sai bayan digirin farko ake fara su. In likita ake so, a ƙara wasu shekaru huɗu da kuɗinsu a lissafi.

Ingila ta fi tsuke haɗin. Oxford tun 1920 take koyar da falsafa da siyasa da tattalin arziki a digiri ɗaya na shekara uku, wanda Benazir Bhutto da David Cameron da Malala Yousafzai suka yi. Ɗalibi yakan rubuta maƙala kusan kowane mako ya zauna gaban malami, shi kaɗai ko su biyu, ya kare abin da ya rubuta, bayan shekarar farko kuma yana iya ajiye fanni ɗaya ya zurfafa a biyu. Wannan zama da malami shi ne abin da ake biya. Jami'ar UCL ta Landan ta buɗe digirin da ke haɗa fannonin adabi da zamantakewa da na kimiyya a 2012, inda ake zaɓar babban fanni da ƙarami, a ƙara da harshen waje. Cikas ɗin shi ne tallafi ga ɗan waje mai digirin farko ya yi ƙaranci, kuma sakamakon WAEC shi kaɗai ba ya shigar da mutum irin waɗannan wurare, sai an ƙara da A-level, jarrabawar share fagen shiga jami'a ta Ingila, ko makamancinsa. Duk wanda ya karanto daga waje, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa kafin ya tafi bautar ƙasa.

Da 'yata ce, kuma ba likita take son zama ba, Ashesi zan fara nema mata da tallafi, Yola ta biyo baya, Amurka sai in an ɗauke mana nauyin gaba ɗaya. Ba zan sayar da gona ko gida don digirin farko a waje ba. In duk ba su samu ba, ta shiga jami'ar gwamnati ta riƙe fanninta da kyau, ta yi amfani da kwasa-kwasan zaɓi ta leƙa wata tsangayar, ta ɗora aikin kammalawarta a mahaɗar fannonin biyu, misali mai karatun kwamfuta ta yi aiki kan harshen Hausa, ko mai karatun noma ta bi farashin hatsi a kasuwar Dawanau. Kowace makaranta aka nufa kuma, kafin a biya ko sisi a nemi jerin darussan shekara huɗun a karanta, a tambayi ɗalibai nawa ne a ajin shekarar farko, a kuma nemi wanda ya gama can shekara biyu ko uku da suka wuce a ji aikin da yake yi yanzu.