3RZ na manuwal ko na otomatik: ɗauki mai fulawil ɗinsa

Ɗan uwa, tunda Hilux ɗinka mai giyar hannu ce, cikin injunan 3RZ biyun da aka yi maka tayi ɗauki wanda aka ciro daga motar manuwal. Bar na otomatik ko da ya fi araha.

Irin na manuwal ɗin na sa wa tawa lokacin da injinta ya buga. Ya zo da fulawil ɗinsa, wato faifan ƙarfe mai nauyi da kuloci ke kamawa, ɗaure a gindin karanshaf, sandar da ke juyawa a cikin inji, da kusoshinsa na asali, har da ƙaramin boris ɗin nan da ke zaune cikin ramin karanshaf, inda bakin shaf ɗin giyabos yake shiga. Bakanikena ya jera kuloci, ya turo giyabos, sai ga shi ya zauna daram, ba a ja shi da noti ba. Har yau da ita nake ɗauko masara daga ƙauye, kuloci bai taɓa yi mini rawa ba, Alhamdu lillahi.

Na otomatik ma zai yi, amma sai ka sha hidima. Abin da ke bayansa siririn faranti ne na ɗaure kwambata, wadda ke yin aikin kuloci a giyar otomatik. Sai ka cire shi, ka nemo fulawil da kusoshinsa, don na farantin gajeru ne, sannan ka sa wancan boris, wanda in aka manta shi shaf zai riƙa lilo har giya ta soma kuka. Rangwamen nan zai ƙare.

Sai dai na manuwal yana da wurin da za ka duba da kyau. Duk taka kuloci tura karanshaf gaba yake yi, don haka washar da ke riƙe shi tana cinyewa. A sa ƙarfe a tura karanshaf ɗin gaba da baya. A wannan injin, wasan da ya wuce milimita 0.3 ya yi yawa. A juya fulawil a ga bai karkace ba, iyakarsa milimita 0.1. Dubi haƙoran da kik ke kamawa, da fuskar da kuloci ke kwanciya, kada ta zama ta ƙone ko ta tsattsage. Tun inji yana ƙasa a canza oyil sil na baya, don in ya soma yoyo daga baya sai an sake sauke giyabos.

Ka kuma yi hattara da wasu 'yan Beljiyam, masu sayar da kayan mota na hannu. Akwai masu kwance fulawil su sayar maka da shi daban, akwai masu ɗaura wani a kan injin otomatik su rantse na manuwal ne. Haska tocila cikin ramin karanshaf, in babu boris ka tambaye su ina ya tafi. Kada kuma wani ya ce fulawil na 22R, wani tsohon injin Toyota, zai hau da ɗan gyara, ramukan kusoshinsa ma ba su dace ba. Je da bakanikenka, a kwance fulawil ɗin a gabanku a duba zaren ramukan kafin ka biya.