Manja, hanta ko ƙwaya: wanne za a saya don samun bitamin A?

Kafin mutum ya shiga kasuwar Garwa ko ta Marwa neman abin da zai ba iyalinsa bitamin A, ya kamata ya san yadda jiki ke aiki da shi. Idan bitamin ɗin ya isa ƙwayar halitta, sai a juya shi ya zama asid ɗin retinoyik, wanda ke shiga cibiyarta ya kama wani furotin mai suna RAR, da aka gano a 1987. Shi kuwa RAR yana zaune ne a kan DNA, wato kundin umarnin gado da ke cikin cibiyar, tare da wani furotin abokin aikinsa mai suna RXR, suna buɗe wasu umarnin gado, suna rufe wasu. Da yake ta wannan hanya ake tsara gaɓoɓin ɗan tayi, yawan bitamin ɗin kan jawo nakasa, kamar yadda ƙarancinsa ke raunana garkuwar jiki.

Saboda haka ne na fi son manja. Abin da ke cikinsa karotin ne, sinadarin da ke ba shi launin ja, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A gwargwadon buƙatarsa, kuma da yake bitamin A a cikin mai yake narkewa, miyar zogale da manja ta haɗa komai. Sai dai kada a ƙona shi har jan ya tafi, domin amfanin kan tafi tare da launin.

Hanta ta fi kowa ƙarfi, amma ba ta dace da mai juna biyu ta yawaita ci ba. Tataccen mai, wanda Kamaru ta wajabta ƙara masa bitamin A a 2011, ba laifi, muddin bai wuni a rana ba.

Inda nake jan kunne shi ne algus. Na taɓa sayen manja mai ja wur a hannun wani ɗan kiri, ashe rini aka zuba masa, ƙamshin kwakwar ma babu, dole muka zubar da tukunya guda. Tun ran nan nakan shinshina, in shafa a tafin hannu, in kuma guji wanda jansa ya wuce misali. Ƙwayoyin bitamin A da ake tallarsu ba kwali sun fi wannan haɗari. A cikin ƙwayoyin gaskiya, shuɗiya mai ma'auni 100,000 ta jarirai ce 'yan wata 6 zuwa 11, ja mai 200,000 ta yara ce har wata 59, kuma ma'aikatan lafiya ke ba da su kusan duk wata shida. Mace mai ciki kada ta kuskura ta haɗiye su.